Tafet na hannu ko sabo? Tambayoyin da masu sauke inji suka fi yi

Duk wanda ya taɓa sauke inji ya san lis ɗin da makanike ke miƙowa: ringi, metal, gasket, sil, mai da filta. Waɗannan babu musu a kansu, sabo ake saye. Inda gardama take tashi shi ne tafet, wani oga ya ce a mayar da na ciki, wani ya ce a je a samo Beljiyam, wato na hannu da aka ciro daga injin da ya shigo daga waje, wani kuma ya ce in ba sabo ba shi ba zai ɗaura ba. Ga tambayoyin da suka fi dawowa kan maganar, daga masu mota da yaran gareji har ma da wasu ogannin.

Wai menene tafet ɗin nan, a ina yake cikin inji?

Ɗan ƙarfe ne da yake tsakanin kamshaf da bawul. Kamshaf yana da tozo-tozo a jikinsa, in yana juyawa kowane tozo sai ya danna tafet ɗinsa, tafet kuma ya tura bawul ya buɗe, ko kai tsaye ko ta hanyar fushrod da roka, wato doguwar sandar ƙarfe da ɗan hannun da ke danna bawul. Kamshaf rabin gudun kiranshaf yake yi, wato in allurar inji tana kan 3000, kowane tafet ana danna shi sau 1500 a minti ɗaya, sau 25 kenan a daƙiƙa, kuma abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a wurin ɗan siririn mai ne kawai. Shi ya sa ƙanƙantarsa ba ta sa a raina shi.

Duk motoci iri ɗaya ne tafet ɗinsu?

A'a, kuma nan ne rabin gardamar gareji take fitowa, mutum biyu suna musu alhali kowa injin da yake nufi daban. Akwai mai shafaffen gindi wanda ba mai a cikinsa, irin na Fijo 504, kamshaf yana ƙasa cikin bulo, ana setin tazarar bawul a kan roka da sukudireba da sifana. Akwai mai siffar kofi da aka kifa kan bawul, kamshaf yana danna shi kai tsaye daga sama. Shi ma kala-kala ne: na Golf 3 mai bawul 8 yana da mai a ciki yana seta kansa, na Camry 2.2 da ake cewa fensir yana da shim, wato ɗan faifan ƙarfe na seta tazara, a kansa, na Corolla 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ da Camry 2.4 mai 2AZ kuwa babu shim babu mai, kaurin kofin shi ne setin.

Sai mai ɗan taya a gindi, wato rola, irin na manyan V8 na Amurka. Sai kuma wanda yake tsaye wuri ɗaya cikin tof silinda yana tokare roka, irin na V6 na Toyota 2GR da ke cikin Sienna da Highlander, da kuma na Corolla 1.8 daga 2009. Honda Accord mai injin K24 ma ba ta da na mai kwata-kwata, roka ce mai sukuru, don haka in aka ce maka tafet ɗinta ya mutu a sayo sabo, tambayi mai maganar me yake nufi tukuna.

To a taƙaice, zan iya mayar da nawa na ciki?

Eh, in abu uku sun cika: kamshaf ɗinka na da shi za ka mayar, kowane tafet zai koma ramin da ya fito, kuma fuskarsa lafiya take. Sai ƙari ɗaya, abin da ya kashe injin bai zuba garin ƙarfe cikin mai ba (akwai amsa a ƙasa kan injin da ya buga metal). In dalilin saukewar shan mai ne da hayaƙi, ringi ya gaji, kuma injin ba ya ƙarar tafet kafin a sauke, ni dai a ganina tafet ɗinka na kamfani da ya riga ya saba da kamshaf ɗinsa ya fi duk wanda ba ka san tarihinsa ba, har da wasu sababbin na cikin kwali.

Me ya sa ake cewa kar a canza musu gurbi? Ai duk girmansu ɗaya.

Girmansu ɗaya ranar da aka ƙera su. Bayan shekaru kowanne ya ci da tozonsa, sun goge juna har sun zauna daidai, kamar takalmin da ya riga ya san ƙafar mai shi, ka ba wani mai lamba ɗaya da kai ya sa sai ya ji yana cizonsa. A mai shafaffen gindi abin ya fi tsanani, don gindin ba shafaffe ba ne tas, yana da ɗan kumburi a tsakiya wanda ido ba ya gani, shi kuma tozon kamshaf yana da ɗan karkata kuma bai zauna a tsakiyar tafet ɗin ba. Da gangan aka yi haka don tafet ya riƙa juyawa a raminsa yayin da yake hawa da sauka, cin ya bazu ko'ina. In ka kai shi kan tozon da ba nasa ba, nauyin sai ya taru a wuri ɗan ƙarami, ya daina juyawa, tozo ya fara cinyewa, kuma in ya fara ba ya tsayawa.

Dabarar ba ta da tsada. Ka samo kiret ɗin ƙwai, ka rubuta gaba a gefe ɗaya da maka, layi ɗaya na bawul ɗin shiga layi ɗaya na fita, kana cirewa kana sakawa ɗaya bayan ɗaya. Na mai a ajiye su fuskar da kamshaf ke dannawa tana kallon ƙasa don kar man ciki ya tsiyaye. Kuma a ɗora kiret ɗin inda ƙafa ba ta kaiwa a rufe shi da tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Oga, yaro ya riga ya juye su duka cikin roba ɗaya da fetur, yanzu ya za a yi?

Wannan kam kullum sai ya faru, oga ya je sallah ya dawo ya tarar an yi masa gwaninta. In mai shafaffen gindi ne na injin fushrod, haƙuri za a yi a sayi sabon set, kar a tsaya canki-canka. In rola ne da sauƙi, tunda taya ce ke birgima kan tozo ba gogayya ba, ana iya mayar da su in tayoyin lafiya. In kofi ne mai mai irin na Golf, a duba fuskar kowanne da kyau, amma sabo ya fi kwanciyar hankali tunda set ɗin takwas ne kacal. In kuwa kofin Toyota ne marar shim, ba a yi asara ba sai dai an ƙara wa kai aiki, don dole a ɗaura a auna kowace tazara daga farko, duba amsar Corolla da Camry a ƙasa.

Na sayi sabon kamshaf, tsofaffin tafet ɗina kuma suna da kyau, ba zan iya haɗawa ba?

In ba rola ba ne, kar ka yi. A duk maganar nan wannan ce ƙa'idar da ba ta da sassauci: sabon kamshaf, sabon tafet. Tsohon ya riga ya rasa ɗan kumburin nan, gefensa zai riƙa kankarar sabon tozo, kuma yana iya cinye shi tun injin bai gama zama ba. Garin ƙarfen kuma ba a sama yake tsayawa ba, mai zai wanko shi ya kai shi kan sabon metal ɗin da ka saya. Masu ƙera kamshaf da yawa ma ba sa karɓar ƙorafi in aka ɗaura shi da tsohon tafet.

To sabon tafet kan tsohon kamshaf fa?

Wannan ana yi, kuma yana tafiya lafiya in kamshaf ɗin bai ci ba. Ka bi kowane tozo da farce, in farce ya maƙale a wani layi ko ka ga ƙananan ramuka a ƙololuwar, ko gefe ɗaya ya yi kaifi, to ya ci. In akwai maikuromita a auna tsayin tozon a gwada da na 'yan'uwansa, wanda ya gaza shi ne mai laifi. Sabon tafet kan tozon da ya ci asarar kuɗi ce kawai, zai lalace da wuri kuma ƙarar ta dawo.

Na Beljiyam fa? An ce ƙarfensu ya fi na sababbin yanzu.

Maganar ƙarfe akwai gaskiya a ciki, don abin da aka ciro daga injin da ya shigo daga Turai ko Amurka yawanci na kamfani ne. Matsalar ita ce yadda ake sayar da su. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ko Apo a Abuja, sau da yawa a bokiti za a zubo maka su, daga injuna daban-daban, ba wanda ya san wanne ya zauna kan wane tozo, ba wanda ya san ko injin da ya fito ciki ya yi obahitin ko ya shekara ba a yi masa juye ba. Duk abin da aka faɗa a sama kan canza gurbi ya hau kansu, har ya fi, tunda ko kamshaf ɗin ma ba nasu ba ne.

In dole sai na hannu, to a saye su da abokin zamansu. Ko dai tof silinda ɗin gaba ɗaya ba a kwance shi ba, ko kamshaf da tafet ɗinsa a cire a gabanka kana jera su a kiret. Ka ce a buɗe murfin sama ka leƙa, in ƙarfen ciki ruwan zuma ne mai tsabta to an kula da injin, in baƙi ne ya yi kauri ya daskare a lungu-lungu ka bar musu kayansu ko nawa aka rage. Inda na hannu ɗaya-ɗaya yake da amfani sosai shi ne kofin Toyota marar shim da kuma shim kansa, tunda lamba kake nema kuma ba abin da ke ɓoye a cikinsu.

Ta yaya zan gane tafet ya mutu da ido?

A wanke shi a goge a fito da shi rana. Fuska mai lafiya sumul take, cin ya zagaye ta ko'ina daidai, alamar yana juyawa. In ka ga layi ɗaya ya ratsa ta ko wani ɗan kwari mai tsawo, ya daina juyawa. Ƙananan ramuka, ɓarewa a baki, ko launin shuɗi na ƙuna, duk a jefar. A duba jikinsa ma, in ya yi zane-zane ko yana rawa a raminsa, ko kuma sai an buga yake shiga, akwai magana. Ya kamata in an shafa masa mai ya zame da kansa a hankali.

Ga mai shafaffen gindi akwai tsohon gwaji: ka haɗa gindin guda biyu ka ɗaga su saitin haske. Masu lafiya a tsakiya za su taɓa juna su ɗan yi lilo, ka ga haske siriri ta gefe. In suka manne tas, ko bakin ya haɗu haske yana ratsa tsakiya, sun lotsa, aikinsu ya ƙare. Rola kuwa da yatsa ake murza tayar, in ka ji tana gurji ko tana tsayawa-tsayawa ko tana motsi sama da ƙasa, alluran ciki sun tafi.

Na mai fa, wanda matsalarsa a ciki take?

Shi wannan cikinsa akwai ɗan fiston da sifirin da wata 'yar ƙwallo ƙarama da ke tare mai. Mai ya shiga, ƙwallo ta rufe, sai ya yi tauri ya cike tazarar da kansa. In ka ciro shi daga injin da bai daɗe da aiki ba ka danna da babban yatsa, ya kamata ya ƙi motsi. Wanda ya lotsa laƙwas, ko ya shige bai dawo ba, abin zargi ne. Sai dai wanda ya daɗe a ajiye dama zai yi laushi tunda man ya fita, don haka a nutsar da shi cikin mai mai tsabta a yi ta dannawa har kumfa ta daina fita, in ya yi tauri ya riƙe to da sauransa, in ya ci gaba da lotsewa ƙwallon ba ta rufewa.

Gwajin yatsa ba ya nuna komai da komai fa, akwai wanda zai yi tauri a hannu amma in mai ya yi zafi ya tsinke sai ya saki. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ake yi wa mai motar: kafin a sauke, tana ƙas-ƙas in ta yi zafi ko ba ta yi?

Injina metal ya buga. Tafet ɗin kuma ba abin da ya same su a ido.

In na mai ne, canza su duka. Lokacin da metal ke narkewa garinsa ya bi mai ya zaga ko'ina, kuma cikin tafet ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, abin da ya shiga da wuya ya fita. Ƙwayar da ido ba ya gani ta isa ta hana ƙwallon nan rufewa, ko kuma ta fito daga baya ta koma cikin sabon injinka. Haka in ruwa ya haɗu da mai ya daɗe, ko injin ya yi obahitin har tof silinda ya lanƙwashe. Wanda ba mai a cikinsa kuwa wanka ya ishe shi in fuskar ta tsira, amma hanyoyin mai na bulo da na tof silinda dole a bi su da buroshi da iska.

Ba za a iya buɗe na mai a wanke ba?

Ana iyawa ga wasu, kuma in datti ne kawai ya riƙe shi yana dawowa daidai. Amma ɗaya-ɗaya ake buɗewa, kar a haɗa kayan cikin wannan da na wancan, don kowane ɗan fiston an daidaita shi ne da gidansa tun daga kamfani. A kan farin tsumma ake yi ba a ƙasa ba, sifirin ɗin ƙwallon ya fi ƙwayar shinkafa ƙanƙanta, in ya faɗa cikin yashi shi kenan. Wanka yana cire datti ne kawai, ba ya mayar da ƙarfen da ya ci.

Wani makanike ya ce zai goge fuskar da samfefa ta koma sabuwa.

Kar ka yarda. Taurin tafet a fatar sama yake, kuma siffar fuskar ba abin da hannu zai iya fitarwa ba ne. Samfefa za ta sa ya yi ƙyalli, ta kwashe taurin da siffar gaba ɗaya. Haka masu ɗora shim ko cikin kofi a kan dutsen wasa wuƙa don su rage kauri, ranar zai yi shiru, amma ba zai ci daidai ba kuma setin zai gudu.

Corolla da Camry da ba su da shim, ya ake yi da su?

Su kaurin kofin ne setin, kuma lambar tana rubuce a ciki. Toyota ta yi su kala 35, daga milimita 5.06 zuwa 5.74, kowanne ya ɗara na bayansa da 0.02, lambar da za ka gani 06 zuwa 74 ce. A injin 1ZZ in yana sanyi, tazarar bawul ɗin shiga 0.15 zuwa 0.25 ce, ta fita 0.25 zuwa 0.35. A ɗaura kamshaf a ɗaure shi yadda ya kamata, a auna duka 16 da fila geji, wato siraran ƙarfen auna tazara, a rubuta a takarda. Misali kofi mai lamba 40 yana kan bawul ɗin shiga ka auna ka samu 0.10, kana son 0.20, to kofin ya yi kauri da 0.10, mai lamba 30 za ka nema. In kofin tsoho ne a auna kaurinsa da maikuromita, kar a dogara da lambar kawai.

Abin da mutane ke mantawa shi ne duk lokacin da aka yi girandin bawul, bawul ɗin yana ƙara nutsewa cikin mazauninsa, jelarsa ta ƙara tasowa, tazara ta ragu. Don haka ko ka jera kofunan daidai a kiret sai an sake aunawa. Kuma a nan canza musu gurbi don a samu seti abu ne da ake yi in fuskar sumul take, tunda sifirin ɗin waɗannan injuna ba shi da ƙarfi irin na manyan injunan fushrod. Tazara mai yawa ƙara take yi ka ji ta, wadda ta matse kuwa shiru take yi tana ƙona bawul, ita ce abar tsoro.

Sababbin ma ai akwai jabu, ta ya zan gane?

Akwai sosai, kuma jabu ya fi tsohon naka haɗari, don wani ƙarfensa ba shi da tauri, ya cinye ya tafi da kamshaf. Kwali ba hujja ba ne, ana buga kowane suna. Ga motocin Volkswagen, INA na cikin masu yi wa kamfanin tun asali, amma sunan ma ana kwaikwayonsa. Ka tafi da naka ɗaya ka jera su: tsayi, faɗi, inda ramin mai yake, nauyi a hannu, da yadda aka gama gefen. Na kirki rubutunsa tsaf yake, bakinsa ba kaifi, kuma duk set ɗin kamarsu ɗaya. In farashin ya faɗi ƙasa warwas da na sauran shaguna to ka san dalili. Ka saya wurin wanda zai karɓa in an dawo da shi, ka kuma karɓi rasit.

Ɗaya ne ya lalace, sai na canza duka?

In mota tana kan hanya ne ɗaya ya fara ƙara, ana iya canza shi kaɗai matuƙar tozonsa lafiya. Amma kai da injinka ke ƙasa a buɗe, lissafin daban ne: shekarunsu ɗaya, mai ɗaya suka sha, kuɗin sake buɗewa da gasket ya fi kuɗin sauran. Ga na mai ni duka nake ba da shawara. Masu Tahoe da sauran V8 na GM masu kashe silinda huɗu in ana tafiya a hankali, da masu injin Hemi 5.7 na su Dodge da Jeep, su kam kar ma su tsaya tunani, matsalar tafet sananniya ce a waɗannan injunan kuma sai an cire tof silinda ake kaiwa gare su.

Sai an jiƙa sabo cikin mai ya kwana kafin a ɗaura?

Shafa masa mai a jiki da fuska dole ne. Cika shi tam da dannawa kuwa ba dole ba ne, yana ma iya jawo matsala, don in ya cika ya miƙe zai riƙe bawul a buɗe, inji ya ƙi tashi ko fiston ya taɓa bawul. Littafin gyaran Volkswagen ma cewa ya yi bayan an ɗaura sababbi a bar injin kamar minti 30 kafin a tayar, don su sauka su zauna. Bayan nan a juya injin da hannu zagaye biyu a tabbatar ba inda ya tokare.

Ya ake tayar da injin karon farko?

Ga rola da kofi ba wani dogon biki, a tabbatar mai ya hau fitilarsa ta mutu, a bar shi ya yi zafi. Ƙas-ƙas na 'yan mintuna daga na mai ba komai ba ne, iska ce ke fita, a ɗan riƙe shi wajen 2000 zuwa 2500 zai yi shiru.

Sabon kamshaf da sabon mai shafaffen gindi shi ne mai sharaɗi. A shafa man haɗa inji mai kauri a kowane tozo da gindin tafet, a seta taimin da mai tun kafin a murza makulli don ya tashi bugu ɗaya, kar a yi ta ja da sitata ana share man. Yana tashi a kai shi 2000 zuwa 2500 a riƙe minti 20 zuwa 30 ana ɗan hawa da sauka, ba a barinsa silo, don a irin wannan injin yawancin man da ke jiƙa tozo fantsamar kiranshaf ce, a silo kuma ba ta isa. In ruwa ya zuba ko zafi ya hau a kashe a gyara a ci gaba daga inda aka tsaya. An gama a juye man da filta.

Wane mai ya dace? Mu dai 20W-50 muka sani.

Ga 504 da ire-irenta 20W-50 ba laifi, yana ma da amfani. Akwai sinadarin zinki da fosfarus da ke kare ƙarfe inda gogayya ta yi tsanani, kuma tun daga ma'aunin API SM na 2004 aka taƙaita fosfarus zuwa 800 cikin miliyan a siraran mai irin su 5W-30 saboda yana lalata katalis ɗin salansa, masu kauri irin 20W-50 dokar ba ta hau kansu ba. Amma injin zamani mai tafet na mai da hanyoyi ƙanana, abin da aka rubuta a murfin mai ko littafin motar shi za a bi, mai kauri da safe yana jinkirin isa sama. Zuba mai kauri don a rufe bakin tafet ɓoye ciwo ne kawai. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, bayan duk kuɗin da ka kashe, kar ya shiga injin nan.

Na sa sababbi amma ƙarar tana nan. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Tafet na mai ba ya aiki sai mai ya iso shi da ƙarfi, don haka a fara auna ƙarfin mai da geji inji yana da zafi. Famfon mai da ya gaji, rariyar famfo da ta toshe, metal da aka sa ba daidai da yankan kiranshaf ba, duk suna sa sama ta yi ƙara. Wani babban mai laifi shi ne gam, a lafta shi a gasket ya matso ciki ya gutsure ya toshe hanyar mai. In da safe kawai take yi na 'yan daƙiƙu, sau da yawa filta ce marar kyau da ke barin mai ya koma ƙasa cikin dare. Sannan ba duk ƙas-ƙas ne tafet ba, injekta tana yi, gasket ɗin manifol na salansa in ya huje yana yi, tozon da ya ci ma yana yi, duba amsar sabon tafet kan tsohon kamshaf.

Na mayar da motata gas, akwai abin da ya shafi tafet?

Akwai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu komawa CNG suka yawaita, kuma gas busasshe ne, mazaunin bawul ɗin fita yana saurin ci a injin da ba don gas aka ƙera shi ba, bawul ya riƙa nutsewa tazara tana matsewa. Mai tafet na mai zai riƙa bin canjin da kansa har iya inda zai iya. Mai kofi marar mai ko roka mai sukuru kuwa ba mai gyara masa sai kai, don haka in ana haɗa irin wannan injin a seta bawul ɗin fita can gefen sama na abin da littafi ya yarda, a 1ZZ wajen 0.33 zuwa 0.35 kenan, kuma a riƙa auna shi akai-akai fiye da na mai fetur. In ta fara rawa a silo da safe ko tana wuyar tashi, a sa fila geji kafin a taɓa fulogi da kwayil.